Ɗana na da baiwar kiɗa, wace makarantar kwana zan kai shi?

TAMBAYA: Malam, ɗana shekararsa 14, bana zai gama aji uku na ƙaramar sakandare. Duk waƙar da ya ji sau ɗaya sai ya kaɗa ta a ɗan fiyanon da kawunsa ya saya masa, ba wanda ya koya masa. Mahaifinsa ya ce makarantar kwana zai tafi, ni kuwa ina tsoron baiwar ta mutu a can. Wace iri zan nema masa? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Tsoronki na kan hanya. Na yi shekaru ina kula da ɗakin kwanan yara maza, na ga masu irin hannun ɗanki da suka shigo aji huɗu suna kiɗa, suka fita aji shida sun manta. Ba wanda ya hana su, lokaci da malami suka rasa.

Don haka malami za ki nema kafin gini. Kusan kowace makaranta za ta ce miki tana koyar da kiɗa, amma galibi abin da ake nufi badujala ce: ganguna da begila da ake fito da su ranar wasannin gidaje, a yi maci, a mayar sito sai baɗi. Na taɓa shiga wata makaranta mai tsada, aka buɗe mini ɗakin kiɗa. Fiyano na nan an lulluɓe shi da zane, na ɗaga murfin na tarar ɓera ya yi gida a ciki. Mabuɗin ɗakin ma sai da aka yi rabin awa ana nemansa.

Ga tambayar da ke bambance aya da tsakuwa: "Yara nawa kuka yi wa rajistar darasin kiɗa a jarrabawar WAEC ko NECO bara?" Jarrabawar WAEC ta kiɗa ba rubutu kaɗai ba ce, akwai gwajin kunne, akwai kuma inda yaro zai kaɗa ko ya rera a gaban mai dubawa. Makarantar da ba ta da malamin gaske ba ta iya kai yara can. In shugaban ya fara kame-kame, kin samu amsarki.

Sai ki karɓi jadawalin yini ki duba da idonki. Daga ƙararrawar asuba zuwa kashe fitila, tsakanin aji da firef da wasanni da shara, ina awa ɗayar da yaron zai zauna da kayan kiɗansa? In ba a rubuce take ba, babu ita. Ki tambayi kuma inda zai ajiye fiyanon. Kada ki yarda a bar shi a ɗakin kwana, siniyoyi za su "ara", ga ƙurar hunturu, ga rashin wuta. A ofishin malami ya kamata ya kwana.

Game da maigida, na san abin da ke ransa: kada a ce ɗansa ya zama maroƙi. Ki lallaɓa shi da hujja. Kiɗa darasi ne a JAMB, Jami'ar Najeriya ta Nsukka tana da sashensa tun farkon shekarun 1960, cibiyar MUSON, wato ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, da ke Onikan a Legas kuma tana shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki. Shi kansa Mamman Shata, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma a yi wa yaro sharaɗi tun yanzu: salla da Turanci da lissafi ba sa jiran kiɗa.

In kin zaga ba ki samu ba, ni dai na fi son ya yi jeka-ka-dawo a Kaduna, a ɗaukar masa mai koyarwa ranar Asabar. Mai kunne irin nasa, karatun rubutun kiɗa ne ya rage masa.

Ranar da za ki je duba makaranta, ki tafi da shi da fiyanonsa. Ki roƙi malamin ya saurare shi minti biyar. In ya tafa masa kawai, ki yi godiya ki ƙara gaba. In ya kama yatsunsa ya gyara masa zamansu, ki tambayi kuɗin makarantar.