Turanci kaɗai zai ishe ni a Faransa? Ga amsarka ƙanina

Salam ƙanina, naga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Kace ka samu gurbin digiri na biyu a nan, da Turanci za'a koyar da ku, shine kake tambaya wai ko dole sai ka wahalar da kanka da Faransanci tunda ai Bature Bature ne. Toh bari in baka labarin maƙwabcina, Ba'amurke ne ɗan Ohio, shekara biyu muna hawa ɗaya a wani tsohon bene anan birnin Liyon, shi da aka haifa cikin Turancin ma kaga yadda ya kaya.

Satinsa na farko ya shiga shagon biredin ƙasan gidanmu, ina bayansa a layi, kawai ya nuna da yatsa yace a bashi biyu, da murmushinsa har kunne irin nasu. Matar ta tsaya ta kalle shi tace "bonjur" ta ja bakinta tayi shiru, bata taɓa biredin ba sai da ya maida mata. Ya fito yana huci wai Faransawa basu da mutunci, nace a'a kai ne ka shiga gidan mutane ba sallama. Anan ko direban bas ne ko mai gadi ko likita sai ka fara da bonjur kafin ka faɗi abinda ya kawo ka, in zaka fita kuma kayi sallama. Wlh a wannan fannin Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin kamawa, mu da muke tambayar gajiya da iyali kafin mu sayi ashana. Haka maganar "tu" da "vous", wato "kai" da "ku" a Faransanci, shi har yau rikita su yake dan a Turanci kowa abu ɗaya ake ce masa, ni kuwa nace masa ai kamar yadda ake cewa dattijo "ku" ne ba "kai" ba. Malaminka, mai gidan haya, ma'aikacin banki, duk vous ne har sai su da kansu sunce ka daina.

Abu na biyu da ya kusa haukata shi lokaci ne. Yasaba a can komai a buɗe dare da rana, nan kuwa ran Lahadi yawancin shaguna a rufe, wasu manyan kantuna su buɗe da safe kawai, ƙananan shaguna da yawa kuma sha biyu ko sha biyu da rabi su kulle sai ƙarfe biyu, sun tafi cin abinci. Ya taɓa cin sanwic ɗinsa a gaban kwamfuta a wurin aiki, abokan aikin suka dinga tambayarsa lafiya kuwa? Awa 35 ne aikin sati a doka tun 2000, hutun shekara sati biyar da albashi tun 1982, watan Agusta kam kamar an share gari, mai biredin nan tamu sai ta manna takarda a ƙofa tayi tafiyarta sati uku. Yajin aiki kuma kar ka tambaya, a 2023 da aka ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 mun sha tafiyar ƙafa. Abin dariya yanzu shine yafi kowa kare hutun, yace a ƙasarsu dokar tarayya bata tilasta a baka ko kwana ɗaya ba.

Sai takardu, inda Turancinka zai ƙare kenan gaba ɗaya. Bizarka sai ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da saukarka, gidan haya sai da mai tsaya maka (akwai Visale, wani tsari ne da ke tsaya maka, na kyauta ga ɗalibai, ka nema tun kana gida), banki su ce kawo shaidar wurin zama, mai gida yace kawo banki, kuma duk wasiƙun da Faransanci suke zuwa, ba mai fassara maka. Ka sayi jakar takardu ka dinga kwafar komai biyu biyu. An yarda ɗalibi yayi aiki awa 964 a shekara, amma wa zai ɗauke ka ko wankin kwano in baka jin abinda ake ce maka?

Maganar addini, gsky Faransawa sun bambanta da Amurkawa sosai, shi abokin nawa yana mamakin yadda basa son zancen addini a wurin aiki ko makaranta, tun dokar 1905 suka raba gwamnati da coci. Dokar 2004 ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati bata shafi jami'a ba, niƙabi dai an hana a ko'ina a waje. Masallatai akwai, naman halal kuma cike a unguwar Giyotiyar.

Ka shiga Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci, tun yanzu ko wata huɗu ne kafin ka taso. In zaka zo ka riƙo min kuka da yaji, amma kilishi ka cinye abinka a gida, ba'a bari a shigo da nama Turai.