Motar tafi-da-gidanka a hunturun Turai: ajiye ta zan yi ko da dabara?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Hamburg nake zaune. Bana na sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, kuma mun yi ta yawo da ita da bazara lafiya lau. Ina so in ɗauki iyali mu yi mako guda a kudancin Jamus da Ostiriya a hutun Disamba, amma maƙwabcina ya ce sanyi zai farfasa mini bututun ruwa. In ajiye ta sai Afrilu, ko da yadda ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, sai dai motar da sanyi ke farfasa wa bututu ita ce wadda aka bari ta huce da ruwa a cikinta. In ruwa ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, wannan kumburin ne ke tsaga bututu da kan famfo da tukunyar ɗumama ruwa. Saboda haka daga ranar da ka cika tanki har ranar da ka zubar da ruwan, hita ba za ta mutu ba, ko kuna ciki ko kun fita. In za ku fita yawo, rage ta zuwa digiri 10 ko 12. Duk sauran shirin da za ka yi, na ciyar da hitar nan ne.

Fara da duba takardun motar. Akwai ma'aunin Turai mai suna EN 1646-1, kuma motar da ta kai mataki na 3 a cikinsa ita ce wadda aka gwada tana iya tashi daga digiri 15 ƙasa da sifili zuwa digiri 20 cikin awa 4. In taka ba ta kai nan ba, ka leƙa ka ga inda tankunan suke. Na ruwa mai tsabta galibi yana ciki, ƙarƙashin kujera, inda ɗumi ke kai masa. Na ruwan wanke-wanke kuwa a ƙarƙashin mota ake rataye shi, iska na dukansa. In ba shi da hitarsa, bar bakinsa a buɗe ka tara bokiti mai faɗin baki, ka riƙa zubarwa safe da yamma a wurin da aka tanada. Mai faɗin baki na ce, domin in ruwan ya zama ƙanƙara kifewa ɗaya za ka yi ya faɗo. A jarka kuwa sai ka jira ƙanƙarar ta narke.

Abin da ya fi rikita sababbin shiga shi ne bawul ɗin kariya. Hitar Truma Combi, wadda ke cikin yawancin motocin nan, tana riƙe ruwa lita 10, kuma tana da bawul da ke buɗe kansa in sanyin wurin ya sauka zuwa digiri 3 ko kusa da haka, ya zubar da ruwan ƙasa don kada tukunyar ta fashe. Ba zai yarda ya rufu ba sai wurin ya haura digiri 7. Mutum zai yi ta ɗura ruwa da sanyin safiya yana ganin yana tsiyaya ƙarƙashin mota, ya ɗauka wani abu ya huje. Kunna hita tukuna, mota ta yi ɗumi, ka rufe bawul, sannan ka ɗura. Wasu kan maƙale shi da abin matse shanya don kada ya buɗe. Wannan ganganci ne, kuɗin sabuwar tukunya ya ninka wahalar da suke gudu.

Sai iskar gas. Furofen za ka saya, ba buten ba. Buten yakan daina tashi daga tukunyar gas da zarar sanyi ya kai sifili, ka girgiza ka ji da sauran abu a ciki amma murhu ya ƙi kamawa. Furofen kuwa yana aiki har digiri 42 ƙasa da sifili. Tukunyar kilo 11 da ta kai ka makonni da bazara, a tsakiyar hunturu kwana 3 zuwa 4 za ta yi, don haka mako guda yana son tukunya biyu cikakku da sanin inda za ka musanya ta uku. Sa na'urar da ke juyawa daga tukunya zuwa tukunya da kanta, irin DuoControl, domin gas ba ya ƙarewa sai ƙarfe uku na dare. A haɗa da ɗan abin ɗumama regileta, saboda laimar cikin gas kan daskare a nan ta toshe hanya.

Hitar gas ma tana cin lantarki, domin fanka ce ke tura iskar ɗumi cikin bututu. Batirin ɗaki, wato mai ba cikin motar wuta ba na tada inji ba, in ya yi rauni, hita ta tsaya ko da gas cike. Sanyi yana rage ƙarfin batir, irin na dalma kuma rabinsa kawai ya kamata a sha, ranar Disamba ba ta ba sola abin kirki. In na litiyam ne da kai, kada a yi masa caji yana ƙasa da digiri sifili sai in mai hita ne a jikinsa. A tafiyar farko da yara, ni dai shawarata ka kwana a sansanin da ke da wutar jonawa. Tambayi amfiya nawa suke bayarwa: in 6 ne, wajen wat 1,380 ke nan, butar lantarki ɗaya ta isa ta ɗauke wutar.

Akwai abu guda da ba na sassautawa a kansa. Mun saba a gida in hunturu ya tsananta a shigo da kaskon gawayi ɗaki, kuma ko a can yana halaka mutane. A cikin wannan mota kada a kusanci gawayi, kada kuma a kunna murhun girki don jin ɗumi. Hitar mota waje take fitar da hayaƙinta, murhu kuwa ciki yake zubawa, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. Sayi ƙararrawar da ke gano ta. Kowace safiya ka duba mafitar hayaƙin hita, ka share dusar ƙanƙara da ta taru a bakinta, taga da ke samanta kuma ta zauna a rufe. Ƙananan ramukan shan iska na ƙasa da na rufi, kada uwargida ta cusa musu tsumma don tana jin iska na shigowa, da gangan aka yi su.

Za ka wayi gari ka ga gilashi yana zubar da ruwa. Numfashinku ne da tururin girki da rigunan da suka jiƙe. Kowane kilo na furofen da aka ƙona a murhu yana sakin ruwa sama da lita ɗaya da rabi, balle a ɗora tukunyar tuwo. Maganinsa a buɗe ƙofa da tagogi gaba ɗaya na minti 5, sau biyu ko uku a yini, a goge banɗaki bayan alwala, a bar ƙofofin kabad a ɗan buɗe, a ɗaga katifa da rana. Marufin gilashin gaba kuma na waje ya fi na ciki nesa ba kusa ba, domin na ciki yakan bar gilashin da sanyinsa raɓa ta taru a bayansa.

Batun hanya gajere ne. A Jamus tun 1 ga Oktoba 2024 tayar da ke da alamar dutse mai kai uku da dusar ƙanƙara a ciki kaɗai ake ɗauka ta hunturu, rubutun M+S bai isa ba. Ostiriya tana da dokarta daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, kuma tana son zanen taya ya kai milimita 4. Riƙe sarƙar taya, ka koyi ɗaura ta a ƙofar gida tun hannunka bai sandare ba. In dizal ɗin da ke tanki tun na bazara ne, ƙarar da shi ka sha sabo: gidajen man Jamus suna sayar da na hunturu mai jure digiri 20 ƙasa da sifili daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, na bazara kuwa yakan yi kauri ya toshe filta. In ka yi fakin na kwanaki, sa giya da waigi maimakon birkin hannu, yakan liƙe. Kafin tashi a share rufi.

Ranar da kuka dawo Hamburg, kada ka ce sai gobe. Kashe famfon tura ruwa, buɗe bawul ɗin tukunyar ɗumama ruwa da na tankuna biyun, ɗaga kowane kan famfo ka bar shi a tsakiya tsakanin zafi da sanyi, sauke kan shawa ƙasa, danna ruwan banɗaki har ya daina fitowa. Sannan ka kunna famfon na ɗan daƙiƙu ya fitar da ragowar da ke cikinsa, ka ɗan zaga unguwa da komai a buɗe don abin da ya kwanta a lungun bututu ya fita. Sai an gama wannan za a kashe hita.