Shin sanyin hunturu na hana nematod kashe tsutsa?

Tambaya: Malam, ina noman rani a Aliero, albasa da tumatir. Akwai tsutsar da ke wuni cikin ƙasa, da dare ta fito ta yanke mini dashe. Ɗana ya ce akwai wasu ƙananan halittu, nematod, masu kashe ta, amma wai ba sa aiki cikin sanyi. In bari hunturu ya wuce?

Amsa: Alhaji, kada ka jira. Maganar ɗanka gaskiya ce, sai dai sanyin da ake nufi na Turai ne.

Waɗannan nematod ba su ne masu sa saiwar tumatir ƙulli-ƙulli ba, ba ruwansu da shuka. Sukan bi danshin ƙasa su shiga jikin tsutsa ta baki, ta dubura ko ta ƙofofin numfashi, su saki bakteriyar da suke ɗauke da ita. Bakteriyar ce ke kisan, cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan ƙasa da ɗumi. In ƙasa ta yi sanyi, nematod kan yi nauyin jiki, tafiyarsa ta ragu, bakteriyar ma ta yi jinkirin yaɗuwa. Sai ka ga tsutsa ta kamu amma ta ɗauki kwanaki kafin ta mutu, tana ci gaba da ɓarna.

Kowane iri da iyakarsa. Steinernema kraussei yana aiki har a digiri 5, Steinernema feltiae daga wajen digiri 10. Heterorhabditis bacteriophora kuwa yana son ƙasa ta kai wajen digiri 15, ya fi ƙarfi tsakanin 20 da 30. Zafin ƙasa ake aunawa, ba na iska ba. A Disamba da Janairu, ko asubar da haƙora ke kaɗawa a fadamar Argungu ko Jega, ƙasar da ta sha rana jiya tana riƙe da ɗuminta. Shi ya sa a ganina hunturu ne ma lokacinmu mafi kyau. In ka bari sai Maris ko Afrilu, ƙasa ta yi zafin da yawancinsu ba sa jurewa. Don haka kada a sayar maka da irin ƙasashen sanyi, nemi Heterorhabditis ko Steinernema carpocapsae, wanda ya ƙware a kan tsutsa mai yawo a saman ƙasa irin taka.

Abin da ya fi damuna shi ne bushewa. Iskar hunturu na tsotse danshi, hasken rana kuma na kashe su cikin ɗan lokaci. Ka yi ban ruwa tukuna, ka zuba su bayan la'asar sakaliya, ka ƙara ruwa kaɗan ya shigar da su, sannan kada fangali ya bushe har mako biyu. Cire matatar famfon feshi, ka wanke shi tas daga ragowar magani. Kafin amfani kuma, a firji ake ajiye su, ba a wurin ƙanƙara ba.

Bayan kwana huɗu ko biyar, tona gindin dashen da aka yanke. Tsutsar da Heterorhabditis ya kashe takan koma ja, ta Steinernema kuwa ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ba ta warin ruɓa.