Amsa: Yaro na dawowa da abincin makaranta bai ci ba

'Yar uwa, kin ce yaronki na dawowa da abincinsa bai taɓa ba, ga gyangyaɗi a aji. Sau da yawa abincin ne ya huce ko ya jiƙe. Ki zuba tafasasshen ruwa a fulas minti 5, ki zubar, sannan ki sa abincin da zafinsa, miya daban. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, ba a fulas ko firij ba.

Shinkafa zalla kuwa ba ta riƙe ciki. Rabin kwano kayan lambu da 'ya'yan itace, kwata hatsi, kwata ƙwai, kifi ko wake. Ranar wake ki haɗa da yankan lemu, bitamin C na taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Sabon abu kuma kaɗan-kaɗan, kusa da wanda ya saba.