Tambaya da Amsa: Shin Ƙarin Bitamin Yana Kare Maruƙa Daga Zafin Bazara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da maruƙa ruwa biyu, jinin Bunaji da shanun madara na waje. Da zarar bazara ta kankama sai su riƙa haki, yawu na dalala, su daina cin abinci. A shagon magungunan dabbobi an ce in sayi garin bitamin E da silinyom in riƙa haɗa musu da dusa. Yana da amfani, ko asarar kuɗi ce?
Mai kiwo daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana da amfani, amma ba shi ne abin farko ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankinku yakan haura digiri 40, kuma maraƙi mai jinin waje ba ya jure shi kamar Bunaji ko Gudali. Idan zafi ya tsananta, jiki yakan tara wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta fiye da yadda zai iya kawar da su, sai garkuwarsa ta yi rauni, gudawa da ciwon huhu su sami ƙofa. Bitamin E yana kare bangon ƙwayoyin, silinyom kuma yana cikin sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen share wannan guba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a daidai wannan lokaci dabbobi ke dogaro da karan dawa da busasshiyar ciyawa, waɗanda rana ta riga ta cinye yawancin bitamin E da tushen bitamin A da ke cikinsu.

Sai dai babu garin da zai sanyaya jikin maraƙin da aka ɗaure a filin Allah da tsakar rana. A yi musu rumfa mai tsawo wadda iska ke ratsawa, a ajiye ruwa mai tsabta a inuwa dare da rana, a mayar da ciyarwa zuwa asuba da bayan la'asar. Ku tsaya kusa da maraƙin yana kwance, ku ƙirga motsin haƙarƙarinsa na minti ɗaya. Idan ya wuce 60, zafi na cin sa. Ɗanyen ganyen zogale, in akwai, yana cike giɓin bitamin A da araha.

Inda nake so ku yi hattara sosai shi ne silinyom, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke amfani da abin da ke kisa ƙanƙanuwa ce. A Amurka doka ta taƙaita wanda ake ƙarawa a miligiram 0.3 cikin kowane kilo na abinci. Kada ku haɗa allura da gari da gishirin lasa masu silinyom a lokaci guda, kuma likitan dabbobi ya auna muku gwargwadon nauyin kowane maraƙi. Wanda ya kwanta ya kasa tashi, ko zafin jikinsa ya wuce digiri 39.5 da sanyin safiya, a kira masa likita a ranar, domin mai yiwuwa wata cuta ce ta shige shi.