Motar kara da ruwan zoɓo: aikin hannun yara a lokacin hutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce a Gusau, ina koyar da 'ya'yana uku a gida, babban yana da shekara 10, autar kuma 5. Da zarar hutun ƙarshen shekara ya zo, 'yan uwansu masu zuwa makaranta sukan cika mana gida, karatu ya tsaya cak, sai ƙera motar kara da kwaɓa laka. In hana su ne, ko akwai abin da za su ƙaru da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki hana su, domin hutun ya zo ne a bayan kaka, lokacin da karan dawa da sakaina da kaba suke ko'ina ba sai an saya ba. Abin da ake buƙata daga gare ki shi ne ki zauna kusa, ki janye hannunki daga aikin, ki riƙa jefa tambaya. Yawancin iyaye a nan suke kuskure, sai su karɓe abin su gyara don ya yi kyau, yaron ya tashi da mota mai kyau amma bai koyi komai ba.

Ɗauki motar karan nan. Idan babban ya yanko ƙafar mota daga sakaina, ba shi zare ya zagaye bakinta, sannan ya gwada tsawon zaren da faɗin ƙafar. Zai tarar zaren ya ninka faɗin sau uku da ɗan ƙari. Ya sake gwadawa da marfin tukunya, da faifai, da bakin bokiti, amsar ba za ta sauya ba, kuma wannan shi ne 3.14 ɗin da ɗalibai ke haddacewa a sakandare, da yawansu ba tare da sun san daga ina ya fito ba. Idan motar ta riƙa karkacewa, kada ki gaya masa dalili. Tambaye shi wace ƙafa ce ta fi girma, ki bar shi ya auna. Autar kuwa, ƙirga guntayen kara da jera su daga gajere zuwa dogo ya ishe ta darasin yini.

Ruwan zoɓo ma yana da nasa darasin idan za su rina tsumma ko takarda. A raba shi kofi uku, a matsa lemun tsami a ɗaya, a jefa ɗan jiƙon kanwa a na biyu, a bar na ukun yadda yake. Na lemun zai ƙara ja, na kanwar zai juya zuwa duhu mai kore-kore, domin launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi. Sa su faɗi abin da suke zato kafin a zuba, sannan babban ya rubuta abin da ya faru cikin jimla uku ko huɗu, da Hausa ko da Turanci.

A kan laka dai zan ja kunnenki, tunda a Zamfara kike. A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Saboda haka kada yara su taɓa ƙasar da aka ɗebo daga wurin haƙar ma'adinai ko wurin wanke shi. Ki nemi yumɓu wajen maginan tukwane da kika sani, a kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Abin da suka gina a shanya shi a inuwa a rufe da ɗanyen tsumma, don iskar hunturu tana busar da bayansa kafin cikinsa, sai ya tsage. Reza da allura kuma su zauna a hannunki, ki bayar idan kina wurin, ki karɓe idan za ki tashi.