'Yata, Ga Amsar Tambayarki Kan Al'adun Cikin Jirgi

'Yata,

Saƙonki ya iso, har sau biyu na karanta shi. Kin ce tun da kika hau jirgin sama karon farko hankalinki bai gama dawowa jikinki ba, ga shi kuma wata tafiyar ta taso wadda mota ba za ta yi ta ba. Sai kika kawo tambayar da ta sa ni murmushi: wai me ya sa mutanen jirgi suke da al'adu irin na masu bankwana da duniya? Mutum bai gama zama ba an nuna masa ƙofar gudu, a rage fitilu, a ce a ɗaga murfin taga, ki nemi layi na 13 ki rasa, in an sauka kuma wasu su ɓarke da tafi kamar waɗanda suka tsallake rijiya da baya. Kika ce, "Kawu, in ba wani abu suka sani suke ɓoye mana ba, duk wannan na mene ne?"

Kin yi gaskiya, akwai abin da suka sani. Sai dai a fili yake, tambaya ce kawai ba a cika yi ba.

Bari in fara tona wa kaina asiri, don kada ki ɗauka da jarumi kike magana. A hawana na uku ko na huɗu, muna dab da sauka, har ina hango fentin titin jirgi, sai injuna suka yi wata irin ƙara, hancin jirgin ya ɗaga, muka koma sama. Hantar cikina ta kaɗa. Ban san lokacin da na damƙe hannun bawan Allahn da ke kusa da ni ba, mutumin da ko gaisawa ba mu yi ba. Shi kuwa jaridarsa yake karantawa. Da ya ga zufa ta keto min, ya ce da ni a hankali, matuƙi ne bai gamsu da yadda saukar ta zo ba, zai zagayo ya sake. Bayan kamar minti goma sha biyar muka sauka lafiya lau. Na shekara ina jin kunyar wannan rana, kafin na fahimci cewa abin da na ɗauka hatsari ne, shi ne alamar matuƙin kirki. Koya musu ake yi: in sauka ba ta daidaitu ba, a fasa, babu wanda zai zarge ka.

To, al'adun da kika lissafa iri biyu ne, kuma tsoronki ya zuba su a ƙwarya ɗaya.

Akwai na camfi zalla. Layi na 13 yana cikinsu. Turawa da yawa suna ƙyamar wannan lamba, shi ya sa wasu kamfanoni suke tsallake ta don kada fasinja ya zauna yana ƙunci. Lufthansa na Jamus ma har 17 suke tsallakewa, saboda a Italiya ita ce lambar da ake gudu. Jirgi bai iya ƙirga ba. Wanda ke layi na 14 a irin wannan jirgi, in kin lura, yana nan zaune inda na 13 zai kasance, kuma ƙalau yake sauka. Tafi kuwa sakin zuciya ne, irin ajiyar numfashin da mutum kan yi in ya sauke kaya. Wasu al'ummomi suna yi, wasu suna ganin ƙauyanci ne. Ni ba na yi, ba na kuma hana kowa. Ƙofar matuƙa a kulle take, da wuya ma su ji.

Sauran kuwa kowacce tana da ranar haihuwarta, kuma yawanci ranar baƙin ciki ce.

A ranar 30 ga Oktoba 1935, a filin Wright da ke jihar Ohayo a Amurka, aka tashi wani sabon jirgin Boeing na gwaji, mai injin huɗu. Matuƙinsa gwani ne, ba ɗan koyo ba. Jirgin ya ɗaga, ya miƙe tsaye, ya faɗo ya kama wuta. Da aka bincika, sai aka tarar an manta ba a cire wani makulli da ke riƙe sassan sarrafa jirgin yayin da yake ajiye ba. Abu ɗaya tak. Daga nan aka gane cewa jirgi ya fi ƙarfin a riƙe shi da ka, aka fito da takardar bi-da-bi: ɗaya ya karanta, ɗaya ya duba ya amsa. Har gobe matuƙin da ya yi shekara talatin yana tuƙi sai ya karanta wannan takarda kamar yau ya fara. In kin ga an rufe ƙofa jirgi bai motsa ba, sau da yawa irin wannan aikin ake yi a gaba.

Na biyu ya fi muni, amma zan faɗa miki don ke ba yarinya ba ce. A ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. A ƙasa abin ya faru, ba a sama ba. Cikin dalilan akwai rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiyar da ke ba jirage umarni, akwai kuma nauyin baki: waɗanda ke ƙarƙashin kyaftin sun ji shakka, amma ba su iya tsayar da babba ba. Bayan wannan aka gyara kalmomin rediyo, har kalmar "tashi" ba a furta ta sai lokacin da ake ba da izinin tashin ko ake soke shi. Daga wannan hatsari da wasu irinsa kuma aka shiga horar da matuƙa cewa ƙarami ya faɗa wa babba kuskurensa kai tsaye, babba kuma dole ya saurara. Ni dattijo ne, kin san ba mu cika son yaro ya gyara mana zance ba, amma a wannan ɗakin na yarda da tsarin ɗari bisa ɗari. A 1981 Amurka ta ƙara da doka cewa muddin jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000 wajen tashi ko sauka, babu hira a ɗakin tuƙi sai maganar aiki.

Kin ga inda na dosa. Mutanen jirgi sun riƙi karin maganar nan ta gemun ɗan'uwa da ya kama wuta fiye da kowace sana'a da na sani. Jirgi ɗaya ya samu matsala a wata nahiya, sai an tone dalilin, an rubuta, an raba wa duniya, kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Yanzu fitilu da taga. Kafin a ba wa babban jirgin fasinja lasisi, sai masu ƙera shi sun nuna cewa za a iya fitar da kowa cikin sakan 90, alhali rabin ƙofofin a toshe. Ana rage haske da dare ne don idonki ya saba da duhu tun kina zaune, kada ki ɓata lokaci kina lalube in ta kama a fita. Ana ɗaga murfin taga don ma'aikata su ga waje, su san ɓangaren da ya dace a buɗe. Miƙar da kujera da naɗe teburi don na bayanki ya samu hanya ne. Kuma abin yana aiki. A ranar 2 ga Janairu 2024, a filin Haneda na Tokiyo, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi yana sauka, wuta ta cinye shi ƙurmus, amma duk mutum 379 da ke cikinsa sun fita da ransu. Sun saurari ma'aikata, sun bar jakunkunansu. A Janairun 2009 kuma garken dinya ya kashe injuna biyu na wani jirgi jim kaɗan da tashinsa daga Niyok, kyaftin Chesley Sullenberger ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 babu wanda ya mutu. Saboda haka in ma'aikaciya ta tsaya tana nuna ƙofa, ki ɗaga kai ki kalle ta, ki ƙirga layi nawa ne tsakaninki da ƙofar da ta fi kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na lura ma wannan ƙirgen yana kwantar min da hankali, don ya ba ni abin yi.

Kin ambaci ƙararraki. Waɗannan su suka fi wahalar da ni a da, don rashin sani ya fi dare duhu. Ƙarar "gum" da kike ji a ƙarƙashinki bayan tashi, tayoyi ne suka shige ɗakinsu aka rufe. Kukan da ke fitowa daga fiffike, faifan gefensa ne ake ja ko ake turawa. Wanda ya fi tsinka zuciya shi ne minti ɗaya ko biyu bayan tashi, lokacin da ƙarar inji take raguwa, ki ji kamar jirgin ya tsaya zai zame. Matuƙi ne ya sassauta daga ƙarfin tashi zuwa ƙarfin hawa, kunnenki na ciki kuma ya yi miki ƙarya. Jirgin hawa yake yi. Ko da inji ɗaya ya mutu, an ƙera mai inji biyu ya ci gaba da tafiya da ɗayan har ya sauka, kuma matuƙa suna maimaita wannan darasi a na'urar kwaikwayon tuƙi a kai a kai.

Gargada kuma fa? Iska ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da tudu da kwari kamar ruwan kogi. In kin leƙa kin ga fiffike yana lanƙwasa, haka aka yi shi. Busasshen reshe ne ke karyewa, ɗanye lanƙwasa yake yi. A wajen gwaji ana ɗora masa nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammanin zai gamu da shi sau ɗaya da rabi. Waɗanda gargada take jikkatawa, galibinsu waɗanda ba su ɗaura bel ba ne. Don haka ni bel ɗina a ɗaure yake tun daga tashi har sauka, ko an kashe alamar, sai dai in sassauta shi.

Zan iya cika miki takarda da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne hatsarin hanya yake kashewa duk shekara, alhali a 2017 fasinjoji kimanin biliyan huɗu suka hau jirgi, ba a rasa ko ɗaya a hatsarin babban jirgin fasinja mai injin jet ba. Amma na san wannan ba zai hana tafin hannunki jiƙewa ba, don ni ma bai hana nawa ba. Tsoro ba ya jin lissafi. Abin da ke cin mutum a jirgi shi ne an rufe ƙofa, ba ya ganin direba, ba shi da ikon cewa a tsaya zai sauka. A mota ma rabin wannan ikon ruɗi ne, amma zuciya ta saba da shi.

Abin da ya yi min amfani ƙananan abubuwa ne. Ki nemi kujera daidai fiffike, nan gargada ta fi sauƙi, can baya ta fi tsanani. Ki yi barci sosai daren tafiya, ki isa filin jirgi da wuri, don wanda ya shigo da gudu zuciyarsa ta riga ta hau sama kafin jirgin. Ki bar kofi ranar. In kin shiga, ki gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikatan cewa kina jin tsoro. Kullum suna gamuwa da irinki, kuma za su riƙa leƙo ki. In jirgi ya fara rawa, ki dubi fuskokinsu. Mutumin da yake yin wannan tafiya sau da yawa a mako, in kin ga yana ci gaba da harkarsa, to babu komai. Ko an ce su zauna su ɗaura bel, don kada su faɗi ne. Sannan numfashi: ki ja a hankali ki ƙirga huɗu, ki sake shi ki ƙirga shida ko takwas. Fitarwar ce mai aikin, ita take rage bugun zuciya. Ki sa ƙafafunki biyu a ƙasa, ki saki kafaɗa, ki yi addu'arki. Kada ki yi kokawa da tsoron kina cewa dole ya tafi. Ki bar shi ya zauna kusa da ke kamar maƙwabcin kujera mai surutu, zai gaji.

Abu biyu zan hana ki. Na farko, kallon bidiyon hatsarin jirgi a waya da dare, wanda na tabbata kina yi, don daga yadda kika rubuta saƙon na gane. Na biyu, karɓar ƙwayar barci daga hannun ƙawa. In tsoron ya kai har kina kasa barci mako guda kafin tafiya, ko numfashinki yana sarƙewa, ki ga likita. Akwai masu ilimin halayyar ɗan'adam da suke yi wa wannan magani ta hanyar saba wa mutum da abin kaɗan-kaɗan, kuma wasu kamfanonin jirage, irin su British Airways, suna shirya kwas na musamman don masu wannan tsoro, matuƙa da kansu suke koyarwa.

Kuma don Allah kada ki fasa tafiyar nan. Na san wani abokin aikina da ya fasa sau ɗaya, ya ji wani sanyi a ransa, sai zuciyarsa ta riƙe cewa fasawar ce ta cece shi. Karo na biyu fasawar ta fi sauƙi, na uku ko tikiti bai saya ba. Haka ya yi ritaya bai ƙara hawa ba, ayyuka da yawa suka wuce shi.

Ki turo min ranar tafiyar da lokacin tashi. In kin shiga, ki duba min ko jirgin naku yana da layi na 13, ki kuma ƙirga min layukan da ke tsakaninki da ƙofa. In kin sauka ki kira ni kafin ki ɗauki kaya, ina son jin lambobin biyu. Ki gaishe min da mahaifiyarki.

Kawunki.